Ɗakin Kiɗan Maigidana

Ranar da muka baro Runka kowa ya ɗauki abin da ransa ya fi so. Ni na ɗauki yara da takarduna na koyarwa da tukunyar da mahaifiyata ta ba ni. Maigidana ya ɗauko wani kwali cike da tsofaffin kaset ya rungume a bayan a-kori-kura, ga gero can mun bari a rumbu. Na yi masa magana a hanya, na sake yi masa da muka sauka Safana, har yau ma idan ya ɓata mini rai nakan tuna masa.

Hatsi yake saya yana sayarwa. Ranar kasuwar Batsari can yake wuni, sauran ranaku yana rumfarsa a cikin gari. Ba mai kuɗi ba ne, amma mutanen daji ba sa tambayar wannan. Duk wanda aka gani yana loda buhuna, an riga an sa masa ido. Abokin cinikinsa da suka tashi tare a gona aka ɗauke shi. Ya dawo bayan dangi sun sayar da duk abin da yake sayuwa, kuma ya dawo ba ya iya riƙe kofin shayi da hannu ɗaya. Tun daga nan tsoro ɗaya nake kwana da shi nake tashi da shi, kada wata rana a zo a ce mini an tafi da maigidana.

Gidan da muka samu a Safana a bakin gari yake, ta yamma, don wanda ya zo daga baya ba ya samun tsakiya. Bayan katangarmu lungu ne, sai gidaje biyu, daga nan sai gonaki. A unguwarmu kunne ba ya hutawa. Mace tana daka za ta tsayar da taɓarya don ta tantance babur ɗaya ne ya wuce ko da yawa ne. Akwai wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin darbejiya a bakin unguwa. Idan aka buga shi ba a tambayar kowa komai, sai a bar tukunya a kan wuta a nufi cikin gari inda jami'an tsaro suke.

A irin wannan wuri ne bawan Allahn nan ya ce shi ɗakin kiɗa zai yi.

Akwai wani ɗaki kusa da zaure da muke zuba tarkace. Wata ranar Juma'a bayan an sauko na same shi ya kwashe komai ya share, yana tsaye a tsakiya da igiyar gugata a hannu.

"Malama, zo ki zauna nan," in ji shi. Malama yake ce mini saboda ina koyarwa a firamare, musamman idan yana so in yarda da wani abu.

Na zauna a kan kujerar da ya ajiye. Ya ba ni bakin igiya ya ce in riƙe daidai hancina. Ya ja ta zuwa kusurwar dama ya ƙulla, ya shata ƙasa da gawayi, ya juya da ita hagu ya sake shatawa daidai ƙullin.

"Nan da nan manyan lasifika biyu za su zauna. Su ne na kiɗi. Nisan wannan da kunnena, shi ne nisan waccan. In aka kuskure, mawaƙi sai ya karkata gefe guda."

"To ya karkata mana. Faɗuwa zai yi?"

Bai kula ni ba. Ya nuna bangon gaba ya ce talabijin nan za ta hau, ƙarƙashinta wata 'yar ƙarama da magana kaɗai za ta riƙa fitarwa. Biyu kuma a baya, na fim da ƙwallo, don yara. Sai wata ƙatuwa a kusurwa mai dukan ƙirji. Lasifika biyar ke nan da uwarsu. Na ce masa ko masallacin Juma'a bai tara haka ba.

Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne mai shagon kayan sauti da yake hulɗa da shi a Katsina ya ce masa sai dai ya zaɓi ɗaya. Kayan fim ƙanana ne, suna zuwa a kwali guda, suna da ƙara amma idan aka sa musu kukuma sai ta fito tana tsiwa. Kayan kiɗa kuwa biyu ne kawai, manya, na katako, ba ruwansu da abin da ke bayanka. Shi kuma duka yake so. Ya yi makonni yana juya abin, yana cin tuwo yana zane da yatsa a gefen kwano. Daga ƙarshe ya yanke shawarar ya zuba ƙarfinsa a kan biyun gaba, ya sayi manya ko da na hannu ne, na baya kuma ko ƙanana ne sun isa, tunda ba su da aiki sai ruwan sama da ihun 'yan kallo. Ya nemi amfilifaya mai maɓallin da zai rufe bakin sauran idan kiɗa zai ji. Da ya ga ɗakin gajere ne, na baya za su zauna masa a ƙeya, sai ya ce za a ɗaga su sama, kujera kuma a janyo ta daga bango. Haka kujerar ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗaki kamar ta mai aski.

Ina yi masa dariya, amma cikina ba dariya yake ba. Ni abin da nake gani daban ne. A garinmu an daina fentin gida. Mai sabon babur sai ya shafa masa taɓo. Maza sun koma sa tsofaffin riguna zuwa kasuwa, don ba ka san wanda ke zaune kusa da kai a majalisa yana kai rahoto daji ba. Duk abin da mutum ya mallaka yana iya turawa ƙarƙashin gado, amma ban da ƙara. Ita katanga take haurawa ta je ta gaya wa unguwa.

Na faɗa masa haka. Ya ce, "Shekara nawa ina saurare don in ji ko za a kashe ni? Ki bar ni in saurari wani abu kuma."

Sai na kafa sharuɗɗa. Ba za a shigo da kwali ko ɗaya gidan nan ido na gani ba. Mai shagon ya riƙa aiko da kayan Batsari ɗaya bayan ɗaya, shi kuma duk ranar kasuwa ya cusa guda a tsakiyar buhun dusa ya ɗinke, a loda tare da sauran buhuna. Duk ranar da na san akwai lasifika a motar ba na iya cin abinci sai na ji sallamarsa. Kwalayen kuwa ni na yayyaga su na hura wuta da su, har da masu hoto mai ƙyalli da autarmu ta yi kuka tana so. Farantin sola bai hau rufi ba. A tsakar gida muka jingine shi, idan an yi sallama in jawo zana in rufe.

Ranar da ya gama haɗawa ya sa ni a kujerar. Kaset ɗinsa na Runka ya riga ya kai an juye masa su a mimori. Ya danna, sai wani tsohon mai gurmi ya fara waƙa, kuma muryar ba daga dama ta fito ba, ba daga hagu ba. Daga tsakiyar bango ta fito, inda babu komai sai yaɓe. Na tashi na je na taɓa wurin. Gaskiya abin ya burge ni, ko da yake ban gaya masa ba. Da yamma aka sa wa yara fim aka kunna na baya. Ruwa ya kece a cikin fim ɗin, ni kuwa na zabura zan kwashe shanya, yara suka yi ta birgima don dariya.

Washegari maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da muke ce wa Goggo, ta leƙo ta katanga muka gaisa. Bayan lafiyar kwana da gajiya da yara, sai ta ce, "Jiya mi kuka samu haka? Wanga kiɗi har cikin haƙarƙarina. Ashe Allah ya yi buɗi."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma idan Goggo mai nauyin kunne ta ji, to wa ya rage? Na ce mata rediyon wani ne aka kawo ajiya. Ina shiga na cire waya daga bango na ce masa ba za a sake kunna komai ba sai an toshe ɗakin nan.

Aikin toshewa ni na jagorance shi, kuma ban yi shi da wasa ba. Tagar da ke kallon lungu muka cike da tubali muka yaɓe. Ya ƙara wani bangon zana daga ciki, muka ɗura ƙaiƙayi a tsakani har sama. Silin muka shimfiɗa masa buhuna. Tsohuwar katifarmu ya buga a bayan ƙofa, na ɗinke tsumma na toshe ƙasanta. Duk lokacin da aka gama wani mataki, sai ya kunna ya rufe ƙofa, ni kuma in ɗauki bokiti in fita kamar zan zubar da ruwan wanke-wanke. In tsaya a lungu jikin bango in kasa kunne. In dawo in ce, "Ana jin uwar." Ya ɗora ta a kan tsohuwar taya ya rage mata ƙarfi. In sake fita. "Ana jin kalangu kaɗan." A ƙara buhu. Lungun nan ya sha ruwa a makonnin nan har ciyawa ta fito.

Ranar da na tsaya ban ji komai ba sai kukan akuyar Goggo, na dawo ina taƙama. Na sami abin da nake so. Daga waje ɗakin ya koma kamar sito, kuma duk wanda ya tambaya sito nake ce masa.

Zafi ne a ciki kamar me, sai da ya sa fanka. Wayar hannu kuma ba a shiga da ita, don idan kira zai shigo lasifikan sai su kama wani gurnani mai cin rai, shi ya sa yake barin tasa a kan turmi a tsakar gida. Sau da yawa nakan gama abinci in yi ta kira daga madafa, shiru, sai na je na tura ƙofa. Dariya muke yi. Har cewa nake yi na huta, na sami inda zan riƙa zaginsa bai ji ba. Ni da nake koya wa yara tunani, ban taɓa tsayawa na ce bangon da ya hana ƙara fita zai hana ta shiga ba. Shi ma bai ce ba. Duk hankalinmu yana kan kada a ji mu.

Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, lokacin da kowa ya san mutanen daji sun fi samun mafaka ke nan. Da aka yi hutun makaranta muka tura yara Katsina wurin yayata. Gidan ya rage daga ni sai shi.

Ranar da abin ya faru na tafi barka can gabashin gari bayan azahar. Na bar shi ya dawo daga rumfa da wuri, ya ce kansa na ciwo zai ɗan huta. Na san irin hutun. Ina zaune cikin mata, jaririya a hannuna, sai muka ji ƙarfen nan daga nesa. Sai harbi, ɗaya, sannan da yawa, daga yamma. Ban san wadda na miƙa wa jaririyar ba.

Na kira wayarsa ina neman takalmina. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake kira. Ina jin ringin a kunnena ina ganin turmin a idona, da wayar a kai, da ƙofar nan mai katifa a rufe.

Matan gidan suka riƙe mini hijabi. "Ina za ki? Can fa suke!" Na fizge na fita.

Duk garin gabas yake yi, ni kaɗai nake yamma. Mata da goyo, yara ba takalmi, wani ya ɗora tsohonsa a babur ya ɗaure shi da rawani. Duk wanda na sani sai in tare shi. "Kun ga maigidana?" Wasu ko kallona ba su yi ba. Kusa da injin niƙa na gamu da Goggo, ɗanta yana tura ta a baro.

"Malama, koma!" in ji ɗan. "Sun iso turakun shanu."

"Maigidana fa?"

"Na bubbuga ƙyaurenku, ba kowa. Halan ya riga ya hita."

Goggo ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, kada ki tahi." Na zare hannun. Ban taɓa yi wa tsohuwa haka ba.

Daga injin niƙa zuwa gidanmu ban sake ganin mutum ba. Ƙofofi a buɗe, wani gida shinkafa na ƙonewa, kaji suna kiwonsu a tsakiyar hanya. Ƙarar babura na tashi daga wajen gonaki, ba ɗaya ba, ba biyu ba, da kukan shanu da ake kora. Ina bin jikin katanga ina ce wa kaina wataƙila ya ji, wataƙila yau bai shiga ɗakin ba, wataƙila yana can cikin gari yana nemana.

Na tura ƙyaurenmu. A sakace yake ta ciki.

Nan na san yana nan. Na ɗaga hannu zan buga sai na tsaya. Bugun da zai ratsa bangon da na gina, sai ya fara isa kunnen waɗanda ke turakun shanu kafin ya isa nasa. Na zagaya lungu na manna kunnena a inda tagar take a da. Babu komai. Na ƙwanƙwasa da dutse a hankali, na kira shi da murya ƙasa-ƙasa kamar wawuya. Wallahi a lokacin haushinsa nake ji kamar in kashe shi da kaina, ina kuma kuka.

Gidan Goggo a buɗe yake. Na shiga na jawo turminta jikin katangar da ta raba mu, na naɗe zane na taka. Ni ba yarinya ba ce, jikina kuma ba ƙarami ba ne, amma ban san yadda aka yi na ga kaina a sama ba. Daga can na hango su ta saman gero, kawuna da bakin bindiga, suna tafe a hankali kamar masu dawowa daga kasuwa. Na saki jiki na faɗa tsakar gidanmu a kan ƙafar hagu. Na ji ta amsa, amma zafin sai daga baya ya zo.

Na ja ƙafa na tura ƙofar ɗakin. Kiɗa ya watso mini.

Yana zaune a kujerarsa, hularsa a kan gwiwa, idanunsa a rufe, yatsa ɗaya na bin kalangu a hannun kujera. Murmushi yake yi. Kafaɗunsa sun sauka, goshinsa ba ko layi ɗaya. Rabona da ganin fuskar nan haka tun muna Runka, kafin a fara wannan masifa. Har na manta yana da ita. Ina tsaye da karyayyar ƙafa, mutanen daji a bayan gida, amma sai da na ji kamar kada in taɓa shi.

Na fizge wayar batir gaba ɗaya. Kiɗa ya mutu, fanka ta tsaya, fitila ta ɗauke.

"Lahiya, Malama?"

Ta ƙofar da na bari a buɗe komai ya shigo, baburan da shanun da harbi guda da ya tashi kusa sosai. Na ga fuskar tana rufewa a gabana. Ya miƙe hular ta faɗi. Ya dubi ƙafata, ya dubi zaure, ya gane abin da na riga na gane, wato lokacin gudu ya wuce.

Ya jawo ni ciki ya turo ƙofa, na sa hannu na tare ta rage 'yar kafa. Shi yana so a rufe don kada a ji numfashinmu, ni ina so in ji inda suke. Da ido muka yi gardamar, na ci. Na durƙusa na sa kunne.

Babura suka shigo lungu. Ɗaya ya tsaya bai kashe inji ba. Na ji muryar wani yaro-yaro yana dariya, wani yana ce masa ya yi sauri. Na ji an shiga gidan Goggo ana watsi da kwanoni. Sai aka doki ƙyaurenmu, da ƙafa ko da gindin bindiga, sakata ta yi ƙara. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa abin da sakatar ta gaya mini shi za ta gaya musu, akwai mutum a ciki.

Sai wayarsa ta fara ringi a kan turmi.

Na wuce ta a tsakar gida ban ɗauka ba. Ga ta can a fili tana ta kuka, kowa na ji. Daga baya muka ga ƙanensa ne yake nema ya ji ko mun tsira. Maigidana ya sa hannu a kan nawa ya cire shi daga bakin ƙofa, ya tura ta ta rufe ruf.

Daga nan ba mu sake jin komai ba. Wannan shi ne abin da ya fi komai muni a ranar, kuma shi nake mafarki har yanzu. Duhu, zafi, warin ƙaiƙayi, da shiru. Ban sani ba ko sun ɓalle ƙyauren. Ban sani ba ko suna tsakar gida suna ɗaga zanan da na rufe sola da shi, ko wani yana tsaye bayan katifar nan hannunsa a kan mariƙi. Duk abin da zai zo, sai dai mu gan shi da buɗewar ƙofa. Na zauna a ƙasa na jingina da ɗaya daga cikin manyan lasifikan, ƙafata tana bugawa. Shi ya zauna ya sa bayansa a jikin ƙofa, kamar nauyinsa zai hana wani abu. Na laluba na kama ƙafar wandonsa na naɗe a hannuna. A raina na ce idan sun ja shi sai dai su ja da ni.

Can ya yi raɗa. "Tun yaushe aka buga ƙarfe?"

"Tun kafin la'asar."

"An yi la'asar?"

Na ji yana ta maimaita sunan Allah a hankali.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Gumi ya jiƙa ni har hijabina ya manne, numfashi ya fara yi mana wuya. Sau biyu yana kai hannu ga ƙofa ina riƙe shi. A na uku na bar shi. Ya buɗe kaɗan. Iska mai sanyi ta shigo, hasken yamma ya yi ja, sannan muka ji wani yana kiran sallar magariba can cikin gari, ba da lasifika ba, da bakinsa. A lungu kuma ɗan Goggo yana kiran akuyarsu.

Ƙyaurenmu ya lotsa a tsakiya amma sakata ba ta saki ba. Me ya sa suka bar shi, ban sani ba. Wasu sun ce jami'an tsaro ne suka taso, wasu sun ce shanun ne suka fara watsewa suka bi su. Sun tafi da shanun unguwa da mutum biyu da suka samu a gona. Ɗaya daga cikinsu matarsa ƙawata ce, tare muke zuwa awo a da. Da na je mata jaje da sanda, ban iya haɗa ido da ita ba.

Washegari da safe, kafin mai ɗori ya zo duba ƙafata, na ji duka a ɗakin. Na leƙa na gan shi da diga yana fasa tubalin tagar. Bai shawarce ni ba, ni ma ban hana shi ba. Katifar ma ya ɓamɓare ta daga ƙofa ya jingine a zaure.

Bai sayar da lasifika ko ɗaya ba. Da yara suka dawo ana kallon ƙwallo, na baya na aiki, amma ƙasa-ƙasa, taga a buɗe, waya a aljihunsa ko lasifika za su yi gurnanin duniya. Kiɗansa ma yana ji, da ƙarar da ba ta wuce ta mutum biyu masu hira ba. Wani lokaci ina wucewa da tsintsiya sai in tsaya daga bakin ƙofa in dube shi, yatsan na bin kalangu kamar da. Na ceci mijina, kuma ko gobe haka zan yi. Amma abin yana yi mini ciwo, don tun ranar nan ban sake ganin ya rufe ido ba. Yana ji yana kallon taga.